Shirya wa Ƙaramin Yaro Ziyararsa ta Farko Zuwa Dandalin Shaƙatawa

1.0 Gabatarwa

Fita da ɗalibai zuwa wuraren da ke wajen aji, wato yawon buɗe ido na ilimi, na daga cikin dabarun koyarwa da ake sa ran kowane malami ya naƙalta kafin ya kammala karatunsa a kwalejin ilimi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Sai dai idan ana maganar wannan dabara, hankali ya fi tafiya ga ɗaliban firamare da na sakandare, waɗanda suka iya doguwar tafiya, suka iya riƙe biro da takarda, suka kuma san sunan mahaifinsu da na unguwarsu. Ba kasafai akan sa ɗan shekara ɗaya zuwa uku cikin lissafi ba, alhali kuwa gidajen rainon yara da azuzuwan share fagen shiga firamare cike suke da ire-irensa, kuma malamin da ke kula da shi ne iyaye kan fara tuntuɓa idan suna neman shawara.

Wannan babi ya dubi yadda ake shirya wa irin wannan yaro ziyararsa ta farko zuwa dandalin wasa da shaƙatawa. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, yaron da kansa ne ma'aunin ziyarar: tsayinsa, da lokacin barcinsa, da abin da yake tsoro, da yawan kalmomin da ya mallaka. Ziyarar da aka tsara bisa sha'awar manya, ko bisa yawan kuɗin da aka biya a ƙofa, takan ƙare da kuka da gajiya, wani lokaci ma da haɗari. An ɗauko mafi yawan misalan daga dandalin Walt Disney World da ke Amurka, saboda ƙa'idojinsa game da ƙananan yara a rubuce suke, kuma a kan yaran da suka ziyarce shi ne aka taɓa gudanar da wani muhimmin bincike. Daga nan aka danganta darussan da wuraren da malami zai iya kai ɗalibansa a Nijeriya.

2.0 Ma'anar Dandalin Shaƙatawa da Taƙaitaccen Tarihinsa

Dandalin shaƙatawa fili ne da aka killace, aka tara kayan wasa masu motsi a cikinsa, kamar lilo, da dawakan katako masu kewayawa, da ƙananan jiragen ƙasa da na ruwa, domin jama'a su biya kuɗi su shiga su yi nishaɗi. Daga cikin ire-irensa akwai wanda ake kira dandali mai jigo. Ɗalibin adabi ya riga ya san jigo a matsayin saƙon da waƙa ko labari ya ginu a kansa. To haka abin yake a nan: gine-gine, da tufafin ma'aikata, da kiɗan da ke tashi, da kayan wasan, duk an tsara su ne su ba da labari guda, misali labarin wata tatsuniya ko na tafiya sararin samaniya.

A ƙasar Denmak ake samun tsofaffin wuraren da har yanzu suke aiki. Dandalin Bakken ana danganta asalinsa da shekarar 1583, shi kuwa lambun Tivoli na birnin Kofanhegan an buɗe shi a 1843. Amma wanda ya yayata dandali mai jigo a duniya shi ne Walt Disney, mai shirya fina-finan zane. Ya sha ba da labarin cewa tunanin ya zo masa ne lokacin da yake zaune a kan benci a wani lambu na birnin Los Anjalos, yana kallon 'ya'yansa mata biyu a kan dawakan katako, sai ya ga ya kamata a sami wurin da iyaye da yara za su yi wasa tare. Ranar 17 ga Yuli, 1955, aka buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya. Bayan rasuwarsa a 1966, aka buɗe Walt Disney World kusa da birnin Orlando na jihar Fulorida ranar 1 ga Oktoba, 1971. Daga baya aka yi irinsa kusa da Tokiyo a 1983, da kusa da Faris a 1992. Sashen farko na dandalin Fulorida, mai suna Magic Kingdom, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a shekarar 2023, wato idan aka raba, fiye da mutum 46,000 ke nan a kowace rana.

A Nijeriya ma akwai wuraren da ke yin wannan aiki, ko da ba su kai wancan girma ba. Akwai gidan zoo na Kano, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma yake ɗauke da sunansa. Akwai gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972. A Abuja akwai Millennium Park da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, da kuma dandalin Magic Land, wanda a da ake kira Wonderland. Ƙa'idojin da za a kawo a gaba sun shafi duk waɗannan wurare.

3.0 Abubuwa Huɗu da Ake Aunawa a Jikin Yaro

Hausawa sun bambance matakan girman yaro da sunaye: jinjiri, sai zama, sai rarrafe, sai tsayuwa, sai tatata, sai tafiya, sai yaye. Yaron da ake magana a kansa shi ne wanda ya fara tatata har zuwa ɗan lokaci bayan yaye, wato daga shekara ɗaya zuwa uku. Kafin a yanke shawarar inda za a kai shi, wajibi ne a auna abubuwa huɗu.

3.1 Tsayi da Ƙarfin Jiki

Bisa ma'aunin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, matsakaicin tsayin yaro namiji ɗan shekara biyu kimanin santimita 87 ne, ɗan shekara uku kuwa kimanin santimita 96. Yarinya takan gaza haka da kimanin santimita ɗaya. Wannan lissafi yana da amfani domin manyan dandalai da tsayi suke tantance wanda zai hau abin wasa mai gudu. A Magic Kingdom, ƙaramin jirgi mai hawa da gangara da ake kira The Barnstormer sai wanda ya kai santimita 89, Seven Dwarfs Mine Train sai mai santimita 97, Space Mountain kuwa sai mai santimita 112. Ke nan matsakaicin ɗan shekara biyu bai isa hawa ko ɗaya daga cikin ukun ba, ɗan shekara uku kuma na farkon kaɗai ya isa.

Dalilin wannan ƙa'ida shi ne, sandar ƙarfe ko ɗamarar da ke riƙe mai hawa an ƙera ta ne daidai da wani girman jiki. Wanda bai kai ba yana iya zamewa ta ƙarƙashinta. Har wa yau, kan ƙaramin yaro yana da girma idan aka kwatanta da sauran jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, don haka fizga da girgiza sun fi cutar da shi. Saboda haka sanya wa yaro takalmi mai tudu domin ya tsallake ma'auni ganganci ne. Idan aka je wurin da ba a kafa irin wannan ma'auni ba, to nauyin ya koma kan malami: duk abin hawan da ƙafar yaro ba ta taɓa matakinsa, ko ɗamararsa ta yi masa yawa, a haƙura da shi. Abin da ya dace da wannan mataki shi ne mai tafiya sannu-sannu, wanda babba zai zauna kusa da yaro. A Magic Kingdom ire-iren waɗannan, kamar giwar nan mai tashi da ake kira Dumbo da dawakan katako, ba su da iyakar tsayi, amma dokar wurin ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba sai ya hau tare da wanda ya kai shekara 14.

3.2 Barci da Hutu

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar barcin sa'a 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana, ɗan shekara uku zuwa huɗu kuwa sa'a 10 zuwa 13. Yawancin yaran wannan mataki suna yin barcin rana wajen azahar. Yaron da aka hana wa wannan barci ba ya iya cewa ya gaji. Da rigima da birgima yake faɗa. Sau da yawa manya kan ɗauki wannan a matsayin rashin kunya ko butulci, alhali kuwa tsarin tafiyar ne ya yi kuskure. Ƙa'idojin sun kuma nuna cewa bai kamata a tsare yaro wuri ɗaya fiye da sa'a guda a jere ba, ko a keken yara ne ko a goye. Don haka goyo da keke suna da amfani wajen ratsa cunkoso da lokacin barci, amma dole a riƙa sauke yaro ya taka ƙasa ya yi guje-gujensa.

3.3 Tunani da Tsoro

Jean Piaget (1896–1980), masanin halayyar yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana cewa daga haihuwa zuwa shekara biyu yaro yana fahimtar duniya ne ta hanyar gaɓoɓinsa da motsinsa, daga shekara biyu zuwa bakwai kuma yakan fara amfani da kalmomi da alamu, amma tunaninsa bai kai ga bin hujja ba tukuna. Daga cikin siffofin wannan mataki akwai ɗaukar abin da ke motsi a matsayin mai rai. Wannan ne ya sa abin da babba ke gani a matsayin ado, yaro ke ganinsa a matsayin gaskiya. Mickey Mouse da yaro ya saba gani ɗan mitsitsi a talabijin, idan ya bayyana gabansa a dandali ya fi shi tsayi nesa ba kusa ba, fuskarsa kuma ba ta motsi, to a wurin yaron dodo ne. Ga kuma ƙiwuya, wadda ba ta gama sakin yaran wannan mataki ba.

Hanyar da ta dace ita ce a tsaya daga nesa, a bar yaro ya kalla yana riƙe da wanda ya saba da shi. In ya nemi matsawa, a matsa; in ya noƙe, a ƙyale shi. Tura yaro yana kuka domin a ɗauki hoto, ko yi masa dariya, ko razana shi da cewa dodon zai kama shi in bai yi shiru ba, duk suna dasa tsoron da kan daɗe bai fita ba. Haka kuma a kula da duhu da ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a 1999 cewa ƙara mai fashewa, irin ta wasan tartsatsin wuta, bai kamata ta wuce desibel 120 a kunnen yaro ba, alhali iyakar babba 140 ce. Wasan wutar da ake rufe dare da shi a manyan dandalai ya fi dacewa a kalle shi daga nesa, ko a bar shi sai wata shekara.

3.4 Harshe

Yawancin yara sukan mallaki kalmomi kimanin 50 ko fiye, su kuma fara haɗa kalmomi biyu, wajen cikarsu shekara biyu. Zuwa shekara uku sukan iya gajerun jimloli. Wannan yana nufin abu biyu. Na farko, yaron ba zai iya bayanin ciwo ko ƙishirwa ko ɓata ba, sai an lura da shi. Na biyu, yana kan ganiyar kwasar sababbin kalmomi, kuma a nan ne ribar ziyarar take ga malamin harshe, kamar yadda za a gani a kashi na 5.0.

4.0 Matakan Shiri

4.1 Kafin Ranar Tafiya

Mataki na farko shi ne malami ya je wurin shi kaɗai, ya zagaya shi da idon yaro. Ya san inda inuwa take, da banɗaki, da ruwan sha, da ɗakin ba da taimakon gaggawa, da ƙofofin fita, da duk wani tafki ko kwata, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro. Ya tambayi kuɗin shiga da ƙa'idar shigar da abinci. A dandalan Disney na Amurka, yaron da bai kai shekara uku ba kyauta yake shiga, kuma kowane dandali yana da ɗakin da aka keɓe domin shayarwa da sauya wa yara ƙunzugu. Akwai kuma tsarin da ya ba iyaye damar yin karɓa-karɓa: ɗaya ya hau abin wasan manya, ɗaya ya riƙe yaro, sannan su sauya ba tare da sake bin dogon layi ba. Ya kamata a tambayi ko akwai makamancin waɗannan a duk inda za a je.

Mataki na biyu shi ne zaɓen lokaci. A Fulorida, watannin Yuni zuwa Satumba lokaci ne na zafi da ruwan sama mai tsawa da rana. A Kano da makwabtanta kuwa, zafi ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu, inda ma'auni kan kusanci digiri 40, don haka watannin sanyi sun fi dacewa, muddin aka kauce wa ranakun da ƙurar hunturu ta yi yawa. Ranakun bikin Sallah su ne lokacin da jama'a suka fi tururuwa zuwa gidan zoo da wuraren wasa, saboda haka ba su dace da ziyarar farko ba. Ranar aiki da safe, daga buɗe ƙofa zuwa kafin rana ta take, ta fi kowane lokaci. Sa'a biyu zuwa uku sun wadatar.

Mataki na uku shi ne neman izini a rubuce daga shugaban makaranta da kuma iyayen kowane yaro. A takardar izinin a nemi bayanin lafiyar yaron, musamman mai asma, da mai farfaɗiya, da mai sikila, wanda ƙishirwa da gajiya da tsananin zafi ko sanyi kan tayar masa da ciwo. A kuma nemi wasu iyaye su yi rakiya. Adadin yaran da malami ɗaya ke iya riƙewa a cikin aji bai yi daidai da na fili mai cunkoso ba. Abin da ya fi aminci shi ne kowane babba ya riƙi yara biyu, gwargwadon hannuwansa, kuma ya san su da suna tun daga makaranta.

Mataki na huɗu shi ne shirya zuciyar yaron. Kwana biyu ko uku kafin tafiya a nuna masa hotunan wurin, a ambaci sunayen abubuwan da zai gani, a yi wasan kwaikwayo na shiga layi da riƙe hannu. Ba a sanar da shi tun da saura wata guda, domin bai san tsawon lokaci ba, kuma ba a yi masa alkawarin abin da ba a tabbata zai samu ba. Daga nan sai guzuri: ruwan sha mai tsabta, abincin da ya saba ci, tufafin sauyawa, hula, ƙunzugu, sabulu, da akwatin taimakon farko mai ɗauke da ƙunshin gishiri da sukari.

4.2 Ranar Tafiya

A zaɓi abubuwa uku ko huɗu kawai da za a gani, a fara da mafi natsuwa. Idan yaro ya tsaya yana kallon agwagi a tafki, ko ya nemi a sake hawa dokin da ya sauka yanzu, a bar shi, domin maimaici hanya ce ta koyo a wannan mataki. Dogon layi kuwa a kauce masa. Sannu ba ta hana zuwa.

A riƙa ba yara ruwa a kai a kai ba tare da jiran sun nema ba. Alamun ƙarancin ruwa a jiki sun haɗa da bushewar baki, da kuka ba hawaye, da raguwar fitsari, da yin laƙwas. Wanda aka ga haka a jikinsa a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a nemi ma'aikacin lafiya. Kada a bar yaro cikin mota a rufe ko da na minti kaɗan ne. Game da abinci, gyaɗa, da gugguru, da alewa mai tauri, da 'ya'yan inabi da ba a yanka ba, duk suna iya maƙale wa yaron da bai kai shekara huɗu ba a maƙogwaro, haka ma guntun balan-balan da ta fashe. A gidan zoo kuma a hana zura hannu cikin keji, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

4.3 Matsalar Ɓatan Yaro

Wannan ita ce babbar barazana a duk wurin da ke da cunkoso, kuma cigiyar yara da akan ji a gidajen rediyo lokacin bukukuwa shaida ce. Ɗan Bahaushe yana da wata matsala ta daban a nan. Saboda al'adar alkunya, yara da yawa ba a kiransu da sunansu na yanka a gida, sai da laƙabi irin su Abba ko Ummi ko Baffa, kuma ba su san iyayensu da wani suna ba sai Baba da Umma. Idan irin wannan yaro ya ɓata, amsar da zai bayar ba za ta kai kowa gidansu ba. Don haka a rubuta sunan makaranta da lambar wayar malami a kati, a maƙala shi a jikin rigar yaron ta yadda ba zai cire ba. A sanya wa yara tufafi masu launi ɗaya mai haske. A ɗauki hoton kowane yaro da waya da safiyar ranar, domin a san kayan da ke jikinsa. A ƙirga su da suna lokacin shiga mota, da lokacin sauka, da duk lokacin da za a bar wani wuri zuwa wani. Idan aka rasa yaro, nan take a sanar da ma'aikatan wurin da masu gadin ƙofa, babba ɗaya ya tsaya da sauran yara a inda aka yi masa ganin ƙarshe, a fara duba inda ruwa yake.

5.0 Bayan Dawowa: Hira da Ribar Harshe

Iyaye da yawa sukan ce babu amfanin kai yaron da ba zai tuna ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yawancin manya ba sa iya tuna abin da ya faru da su kafin shekara uku zuwa uku da rabi, abin da masana ke kira mantuwar ƙuruciya. Amma wannan ba ya nufin yaron ya manta da zarar an dawo gida. A 1991, Nina Hamond da Robyn Fivush suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan yaran da aka kai Walt Disney World suna da kimanin shekara uku ko huɗu. An tattauna da wasu bayan wata 6, wasu kuma bayan wata 18. Sai aka tarar dukkansu sun tuna abubuwa da yawa daidai. Manyan cikinsu sun fi kawo bayani dalla-dalla ba tare da an tambaye su ba, ƙananan kuwa sai da aka riƙa jan su da tambaya. Abin da ya fi shafar malami shi ne, yaran da aka fi yin hirar tafiyar da su a gida sun fi sauran kawo bayanai.

Ayyukan da Fivush da abokan aikinta suka ci gaba da yi sun nuna cewa salon hirar ma yana da tasiri. A dubi waɗannan misalai biyu:

Malama: Ka ga zaki jiya?
Yaro: E.
Malama: Ka ga biri?
Yaro: E.
Malama: To, je ka zauna.

Malama: Jiya a gidan zoo, wa muka gani yana tsalle daga reshe zuwa reshe?
Yaro: Biyi!
Malama: Ƙwarai kuwa, biri ne. Me yake ci?
Yaro: Ayaba.
Malama: Ayaba yake ci, ya ɓare ta da hannu kamar mutum. Da ya matso kusa, me ka yi?
Yaro: Na gudu, Malama.
Malama: Ka gudu ka riƙe zanena, daga baya ka dawo kana yi masa dariya. Birai nawa muka gani?

A misali na farko yaron bai furta komai ba sai kalma ɗaya. A na biyu kuwa malama ta buɗe masa ƙofar magana, ta gyara furucinsa ta hanyar maimaita kalmar daidai ba tare da tsawa ba, ta faɗaɗa amsarsa zuwa cikakkiyar jimla, ta jera masa abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe, ta kuma shigo da jam'i. Ta wannan hanya ziyarar sa'a biyu za ta iya ciyar da aji na makonni: jinsi, kamar biri ne da giwa ce, jam'i, kamar birai da giwaye da dawaki, launuka da ƙirga, kalmomin bagire, kamar sama da ƙasa da ciki da waje, da amsa-kama, kamar fir da tsulum. Ana iya liƙa hotunan ranar a bango daidai tsayin yara, a yi zane, a kwaikwayi tafiyar dabbobi da kukansu, a haɗa da tatsuniyar da ke ɗauke da dabbobin da aka gani. Wannan ya dace da abin da Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanada, cewa wasa ne babbar hanyar koyarwa a matakin share fagen shiga firamare. Ya kamata kuma malami ya nuna wa iyaye wannan salo domin su ci gaba da shi a gida.

6.0 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar dandalin shaƙatawa da tarihinsa a taƙaice, an kawo abubuwa huɗu da ake aunawa a jikin yaro, an jera matakan shiri kafin tafiya da ranar tafiya, sannan an nuna muhimmancin hirar da ke biyo baya. Malamin da ya dawo da yaransa cif-cif, cikin ƙoshin lafiya, babu wanda aka razana, kuma washegari suna rige-rigen ba shi labarin biri da doki, ya cim ma manufar ziyarar, ko da abu biyu kawai suka gani. Idan kuwa bincike ya nuna babu isassun masu rakiya, ko wurin ba shi da inuwa da tsaro, to ɗage tafiyar shi ne daidai, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tambayoyi

1. Mece ce dangantakar kalmar jigo a adabi da dandali mai jigo?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa ake auna tsayin yaro kafin ya hau abin wasa mai gudu.
3. Yaya bayanin Piaget ya taimaka wajen fahimtar tsoron da yaro ke yi wa masu shigar dabbobi?
4. Bayyana yadda al'adar alkunya ke shafar neman yaron da ya ɓata, tare da kawo mafita.
5. Tsara jadawalin ziyarar sa'a uku ga yara goma 'yan shekara uku zuwa wani wurin shaƙatawa da ke garinku, sannan ka rubuta hirar da za ka yi da su washegari.